Akwatin Laima Mai Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shayar da Katako da Tsayar da Laima

Gyaran firij da firiza ne sana'ata, a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Ban taɓa kawo wa raina zan san kan akwatin ajiyar taba ba, sai da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kamfani a Fatakwal ya dawo ya tare a gidan gonarsa, ya aiko ɗan acaɓa ya ɗauke ni in duba masa "ɗan ƙaramin firij" da lambarsa ta ƙi zama wuri ɗaya. Daga shi sai amininsa, sai wani da ya tsinci nasa cikin kayan gwanjo a Kano bai ma san na mene ne ba. Masu abin ba su da yawa, amma tambayoyinsu iri ɗaya ne, har na gaji da maimaitawa a waya. Shi ya sa na tara su nan.

1. Wai mene ne wannan akwati, kuma me ya raba shi da firij?

Turawa na kiransa humido. An yi shi ne don ajiye tabar nan mai kauri da ake naɗewa da hannu daga tsantsar ganye, irin ta Kuba da Nikaragua da Jamhuriyar Dominika, wadda mu a shago muke cewa tabar Kuba ko daga ina ta fito. Ganyen ya girma a ƙasa mai laima, an naɗe shi a ƙasa mai laima. Idan ya bushe sai ya tsage, idan ya jiƙu da yawa sai ya yi fumfuna.

Firij aikinsa sanyi mai ƙarfi, kuma yana busar da abin da ke cikinsa. Duk wanda ya bar tumatir a buɗe a firij ya ga yadda yake yamushewa. Wannan akwati kuwa sanyinsa kaɗan ne, kuma yawancin waɗanda ke zuwa hannuna injinsu sanyi kawai yake yi. Laimar ba aikinsa ba ce. Katakon ciki ne ke riƙe ta, da robar ƙofa, da ɗan abin da ka ajiye a ciki yana ba da danshi. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ke wannan shafi.

2. Wace lamba ake so agogon auna laima da zafi ya nuna?

Laima tsakanin kashi 65 da 70 cikin 100, zafi kuma tsakanin digiri 16 da 21. Kamfanin Habanos, mai fitar da tabar Kuba, yana cewa digiri 16 zuwa 18. A nan ƙasar ni 65 nake sa wa mutane, da zafin 20 ko 21, don in damina ta tura laimar sama tana da wurin hawa kafin ta kai ga ɓarna. Kuma 66 da ta tsaya cak ta fi 70 da ke hawa tana sauka.

3. Me ake nufi da shayar da katako?

Ka san sabuwar randa. Ranar da aka sayo ta aka cika ta da ruwa, kafin gari ya waye ruwan ya ragu, ba don tana yoyo ba, jikinta ne ya sha. Sai ta ƙoshi sannan take riƙe ruwa ta sanyaya shi. Haka katakon akwatin nan yake. Ya baro masana'anta a bushe, ya kwana a kwantena, ya ƙara bushewa a hanya. Idan ka zuba taba a kansa haka, ba zai ba ta komai ba, shi ne ma zai tsotse danshin jikinta.

Sunan katakon sidan Sifaniya, alhali ba ainihin bishiyar da Turawa ke kira sida ba ce, kuma ba daga Sifaniya yake ba. Bishiya ce ta tsakiya da kudancin nahiyar Amurka, Cedrela odorata, danginta ɗaya da maɗacinmu da darbejiya. Yana shan laima idan ta yi yawa, ya mayar da ita idan iska ta bushe, ga ƙamshi. Shayarwa ita ce a ba shi lokaci ya ƙoshi kafin a ɗora masa aiki.

4. Akwatin ya iso. Me zan fara yi?

Kada ka jona shi tukuna. Juya bayansa ka karanta takardar da ke manne. Da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa cikin gwanjo na Amurka ne, wutarsu 110 zuwa 120, tamu kuwa 230. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙone shi. Irin wannan sai da sitef-daun, kuma ko namu ne, a haɗa masa sitabilaiza. Idan mai kwamfuresa ne kuma an kwantar da shi a mota, a bar shi tsaye kwana ɗaya man ya koma mazauninsa, kamar kowane firij.

Sai warin roba. Cire shantukan katakon ka ajiye gefe, ka goge bangon ciki da ruwa mai ɗan bekin soda, ka bar ƙofar a buɗe kwana biyu a inuwa. Ban da omo, ban da turare, ban da sabulu mai ƙamshi. Ganyen taba kamar man shanu yake, duk warin da ya tarar sai ya ɗauka.

5. Ta yaya zan san agogon laimar gaskiya yake faɗa?

Ba za ka sani ba sai ka gwada shi, kuma wannan gwaji ya riga komai. Agogo mai allura da ke zuwa manne a ƙofa yawanci ado ne. Ko mai lambobin da ke jikin injin na sha ganin ya kauce da maki biyar ko fiye. Sayi ƙarami mai batir, ka yi masa gwajin gishiri.

Cika murfin gora da gishirin miya, ka ɗiga masa ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ba ruwa tsamo-tsamo ba. Saka shi tare da agogon cikin roba mai rufuwa ruf, ka ajiye a ɗakin da zafinsa ba ya yawan canzawa, ka bar su kwana ɗaya cur. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da laima a 75, ko a Ringim ko a Habana, babban birnin Kuba. Idan agogon ya nuna 71, ka san kullum yana rage maki 4. Rubuta "+4" a ɗan selotef ka manna masa. Akwai wanda ya kwashe wata guda yana ƙara ruwa a akwatinsa don ya ga 60, ashe 68 ce, agogon ne maƙaryaci, har fumfuna ta fara fitowa.

6. To yaya ake shayarwar, kuma kwana nawa?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce fakitin kamfanin Boveda, ɗan rufaffen ƙunshi da ke tsayar da laima a kan lambar da ke jikinsa; mai lamba 84 shi aka yi musamman don wannan aiki. Ƙa'idar kamfanin ita ce fakiti ɗaya mai giram 60 ga kowane kara 25 na abin da akwatin zai iya ɗauka, ba na tabar da kake da ita ba. Akwatin da aka rubuta 300 ke nan zai ci fakiti 12. A rarraba su kan shantuka, a rufe, a bar shi kwana 14. Matsalarsa tsada, kuma sai an yi oda.

Ta biyu ita ce faffaɗan kwano da tataccen ruwa (wane ruwa, duba tambaya ta 8). Faɗin bakin kwanon ne ke aiki, ba zurfinsa ba, don haka faranti mai ɗan zurfi ya fi kofi. Ajiye ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, kowanne a kan leda don kada gindinsa ya taɓa katako. Agogon zai hau da sauri, wataƙila ya wuce 80 a kwana biyu. Kada ya ruɗe ka, iska ce ta ƙoshi, katako bai fara ba. Ba shi mako guda a ƙalla, a hunturu kwana goma. Sannan cire kwanukan ka rufe akwatin babu komai kwana biyu. Idan ya zauna a 70 ko sama da haka kaɗan, ya sha. Idan ya gangaro ƙasa da 65, mayar da ruwan.

Abin da ke ɓata aikin nan ba wani abu ba ne illa leƙe. Dattijon da na ambata, kowace safiya bayan ya karya sai ya buɗe ya shinshina. Na ce masa, "Baba, ranka ya daɗe, tuwon da ake buɗe wa murfi kowane lokaci ai ba ya turara." Ya yi dariya ya ce in kulle in tafi da makullin. Haka kuwa aka yi.

7. Na ga wasu na goge katakon da jiƙaƙƙen tsumma don ya yi sauri. In yi?

A'a. Ni na yi, a akwatin farko, kuma na ji kunya. Na jiƙa shantukan sosai da yamma, washegari biyu sun lanƙwashe kamar fatar da aka shanya a rana, ɗaya ta ƙi shiga layinta, fuskar katakon kuma ta yi kaushi. Sai da na kai wa kafinta ya yi ta fama. Bayan haka ma ruwan saman katako kawai ya jiƙa, cikinsa na nan a bushe, kwana uku laimar ta zube.

8. Wane ruwa ya dace? Fiya wata ya yi?

Fiya wata na sha ne, amma da gishirin ƙasa a cikinsa. Na rijiya da na burtsatse sun fi shi. Idan ruwan ya tashi ya bi iska sai ya bar farin ɓawo, irin wanda kake gani a gindin buta, ya toshe soso da ƙananan duwatsun da ake sawa a akwatin don su ba da laima, ga ƙwayoyin fumfuna da yake kawowa. Ana son ruwan da aka tato daga tururi, wanda ake cewa distil.

A nan ne nake jan kunne. A bakin masu kayan mota, "ruwan batir" abu biyu ne: akwai distil da ake ƙara wa batir, akwai kuma asid. An taɓa aiken yaro kasuwa ya dawo da na biyun, Allah ya kiyaye na buɗe gorar na ga yadda ɗigonsa ya ci bakin rigata kafin a zuba. Saya a rufe da tambarinsa, a kemis ko wurin masu kayan sola. Idan babu, tafasa ruwa ka tara gumin da ke zuba daga murfin tukunya a kwano mai tsabta. Yana da cin rai, amma kofi biyu sun isa.

9. A kunne za a bar shi lokacin shayarwa ko a kashe?

Masu abin sun rabu a kan wannan. Ni abin da nake yi: kwanakin farko a kashe, don katako ya fi saurin sha in ba sanyi, kuma ba ruwan da zai taru a farantin da ke sanyaya cikin akwatin. Kwana uku na ƙarshe a kunne, a kan zafin da za a ci gaba da amfani da shi. Lambar da ka gani injin na kashe ba ita za ka gani yana aiki ba. Dalilin na cikin tambaya ta 12.

10. Na gama, na zuba taba, laimar ta faɗi zuwa 60. Aikin ya lalace ne?

Bai lalace ba. Tabar ta yi tafiya, ta iso da ƙishi, kwalayenta ma katako ne masu sha. Saka abin da zai riƙe laimar yau da kullum, fakiti mai lamba 65 ko 69, ko duwatsun silika da aka yi don taba, ka rufe ka ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Cire fakitin 84 gaba ɗaya, kuma kada ka haɗa lambobi biyu a akwati ɗaya, sai su yi ta ja-in-ja, babban yana shayar da ƙaramin har ya ƙare. Fakitin da ya yi tauri kamar busasshen ƙuli ya gama aiki.

Akwatin da ya cika rabi ko fiye ya fi wanda ke da kara goma zama lafiya, don ita tabar kanta ma'ajiyar laima ce. Idan taka kaɗan ce, cika sauran wurin da kwalayen sida marasa komai.

11. Hunturu ya shigo, laimar ta ƙi wuce 55. Me ke faruwa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iskarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ƙofar katako ta saki. Duk ƙaramar kafa a jikin akwatin, ta nan laimarka ke gudu. Ka tuna buhun PICS na ajiye wake: duk ƙarfinsa a rashin shigar iska yake, huda ɗaya ta kashe shi.

Ɗauki takardar naira ka maƙale ta a bakin ƙofa, ka rufe, ka ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki a nan. Bi duk gefe huɗu. Sau da yawa ƙura ce ta cika ninkin robar, gogewa da ruwan ɗumi ta isa. Sannan leƙa ƙasan akwatin ta baya: akwai ramin da aka bari don ruwa ya fita. A hunturu toshe shi da selotef. Ninka fakitocinka, ka rage buɗe ƙofa zuwa sau ɗaya a rana, da asuba ko da dare, ba da tsakar rana ba.

12. A damina kuma ruwa nake gani yana taruwa a ciki, agogo ya kai 78.

Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. Iskar da ta cika mita ɗaya ta kowane gefe, a digiri 30, tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20 kuwa giram 17 kawai. A watan Agusta ka buɗe ƙofa, iskar ɗaki mai digiri 30 da laima 80 ta shiga ɗauke da giram 24. Injin ya sanyaya ta zuwa 20. Giram 7 ɗin da suka yi saura ina za su? Su ne raɓar da kake gani a bangon baya, irin gumin da ke keto wa gorar ruwan sanyi.

Buɗe ramin da ka toshe a hunturu. Matsar da taba daga bangon baya. Ɗaga zafin injin da digiri ɗaya ko biyu, ka cire duk wani kwano ko soso mai ruwa. A wannan lokaci fakitin Boveda da duwatsun silika suka fi amfani, don suna bayarwa kuma suna sha, shi kuwa soso bayarwa kawai ya sani. Katakon sida busasshe, idan kana da shi a ajiye, saka shi ya sha rarar.

13. A bazara injin na ta aiki dare da rana amma zafin bai sauka ƙasa da 27 ba. Ya lalace?

Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ta fi ƙarfinsa. Iri biyu ne. Akwai mai farantin sanyi da fanka, wanda ke aiki da dabarar da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834. Ba ya ƙara, ba ya cin wuta sosai, amma iyakacinsa ya rage digiri 10 zuwa 12 daga zafin ɗaki. A watan Afrilu, ɗakin kwano ya kai 40, sai ka yi lissafi. Mai kwamfuresa shi ke iya wa bazararmu, sai dai duk lokacin da ya tashi laimar kan faɗi na ɗan mintoci sannan ta dawo. Wannan ba abin damuwa ba ne idan katakon ya ƙoshi, ganye ba ya jin canjin minti goma.

Wurin ajiya ya fi maɓallin injin tasiri. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin bulo mai kwano nesa ba kusa ba. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, a riƙa busa ƙurar fankar baya duk wata.

14. Idan an ɗauke wuta fa? Mu wani lokacin sai a kwana uku.

Riƙe laima ba aikin wuta ba ne (duba tambaya ta 1), muddin ƙofa na rufe. Zafi ne abin tsoro. Mai farantin sanyi wutarsa ba ta wuce ta tsohon ƙwan fitila ɗaya ba, ƙaramar sola da inbata za su riƙe shi. Abin da ya fi ɓarna shi ne kunna-kashe: ya yi sanyi da janareto da dare, ya yi zafi da rana, kullum raɓa. Gara ya zauna a 25 koyaushe da wannan.

Wanda ba shi da sola, dabarar gida na nan. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, har ya ci kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Zuba tabar a roba mai rufuwa ruf tare da fakitinta da agogo, ka sa robar a tukunyar. Dole robar ta rufu sosai, don cikin tukunyar ya fi abin da taba ke so laima. Da rani take aiki, wato daidai lokacin da ake buƙatarta.

15. Tabar da aka adana da kyau ta fi sigari sauƙi ga lafiya?

Ba ta fi ba. Ni ba na sha, akwatin nake gyarawa. Ko ba a haɗiye hayaƙin ba yana jawo sankarar baki da maƙogwaro. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Akwatin nan dai akwai makulli a jikinsa, gidan da ke da yara a yi amfani da shi.

16. Na ga ƙananan huji a jikin wasu, wasu kuma da farin abu kamar auduga.

Hujin ƙwaron taba ne, ɗan ƙarami ja-ja, aikinsa sak na ƙwaron wake. Ƙwansa na zuwa cikin ganye tun daga can, ya ƙyanƙyashe idan zafi ya wuce digiri 22 ko 23 ya daɗe, musamman da laima. Buga gindin karan a farar takarda. Idan gari ya zubo, yana ciki. Zubar da masu huji. Sauran a ɗaure su a leda biyu, kwana ɗaya a firij, kwana uku a firiza, kwana ɗaya a firij kuma, don kada su tsage. Firizar da ke narkewa da rana ba za ta yi ba, nemi ta masu ƙanƙara da ke kan sola. Saboda zafinmu, ni duk sabuwar taba sai na sa an yi mata haka kafin ta shiga akwati.

Farin abin kuwa fumfuna ce, ko da wani ya ce maka alamar tsufa ce mai kyau. Idan a fata kawai take, goge da busasshen tsumma ka ware su. Idan ta shiga ta gindi cikin ganye, ta tafi. Kwashe komai, share katakon, bar shi ya sha iska, sannan ka koma tambaya ta 5 ka sake gwada agogonka.

17. Sau nawa ake sake shayarwa?

Akwatin da bai taɓa zama babu komai ba, ba ya buƙata. Wanda aka kwashe aka bari ya wuce wata guda, musamman da rani, sai a koma tambaya ta 6 daga farko. Ni kowace shekara, da an gama yankan dawa iska ta fara juyawa, nake zagaya masu akwatin da takardar naira da murfin gishiri da selotef. A watan Yuni in sake komawa in ɓare selotef ɗin.